Matsalar Keɓaɓɓun Kalmomi a Manhajojin Lafiyar Ƙwaƙwalwa: Misali Daga Minna

1.0 Gabatarwa

Tun bayan annobar korona ta 2020, manhajojin waya masu auna halin da zuciyar mutum take ciki sun yawaita. Wannan maƙala ta dubi wani cikas da zai iya hana ma'aikatan jami'a karɓar su, wato harshe. An ɗauki misali da ma'aikacin Jami'ar Fasaha ta Tarayya da ke Minna, wadda aka kafa a 1983, mazaunin unguwar Limawa. A Minna, Hausa ce harshen cuɗanya tsakanin Gwarawa da Nufawa da Hausawa.

2.0 Sunan Cutar

Kalmomin da aka saba da su, "hauka" da "taɓin hankali", suna ɗauke da abin kunya ga mutum da zuriyarsa. Ma'aikacin da ya ga ɗayarsu a fuskar manhaja zai rufe ta nan take, don gudun maganar abokan aiki. "Damuwa" kuwa ta yi faɗi, domin ta haɗa jinkirin albashi da cutar da ke bukatar likita.

3.0 Fassarar Tambayoyi

Manhajoji da dama sun dogara da ma'aunin PHQ-9 na 2001, mai tambayoyi 9 game da makonni 2 da suka gabata, da maki daga 0 zuwa 27. Tambaya ta biyu ta shafi rashin sa ran alheri nan gaba. Idan aka fassara wannan da "yanke ƙauna", Musulmi zai ji ana tambayarsa ko ya fid da tsammani daga rahamar Allah, abin da addininsa ya hana. Saboda haka zai amsa da a'a, makinsa ya ragu, manhaja ta ce lafiyarsa lau, alhali yana bukatar taimako. Lafazi irin "karayar zuciya" zai fi samun amsa ta gaskiya.

4.0 Kammalawa

Dokar Lafiyar Ƙwaƙwalwa da aka sanya wa hannu a Janairun 2023 ta maye gurbin dokar mahaukata ta 1958. Sauyin doka bai sauya kalmomin bakin jama'a ba. Wajibi ne masana harshe su zauna da likitoci su daidaita waɗannan kalmomi, kamar yadda aka yi wa na nazarin harshe da adabi a 1990, sannan a gwada su a bakin direbobi da masu gadi da malamai kafin a zuba su cikin manhaja.