Daga Figinin Sarki zuwa Gashin Zabo

Duk wanda ya taɓa kallon hawan salla a Kano ya san figini, maficin gashin jimina da ake yi wa Sarki fifita da shi, ya kuma san takalman gashin jimina. Tarihin Kano ya jingina duka biyun ga Muhammadu Rumfa, wanda ya yi sarauta daga 1463 zuwa 1499. Ado da gashin tsuntsu ba baƙo ba ne a wurinmu.

Me ya sa sai jimina? Gashin yawancin tsuntsaye silinsa manne yake da juna, shi ya sa yake da tauri. Na jimina a sake yake, iska kaɗan ta taɓa shi sai ya yi ta rausaya. Namijin baƙi ne mai fararen fukafukai, kuma farin shi ne mai tsada. Fatake sun daɗe suna kai shi Tarabulus a kan raƙuma. A 1911 ma har Turawan Afirka ta Kudu suka turo tawaga ƙasar nan neman irin jiminarmu, lokacin da garinsu Oudtshoorn ke cin duniyarsa da tsinke da kuɗin gashin hulunan matan Turai. Shekarar 1914 kasuwar ta rushe.

Jiminar ce ta ji a jikinta. Yau ta kusa ƙarewa a dajin yankinmu, har an koma kiwonta a killace a Kelle, jihar Damagaram. Yarjejeniyar CITES ta kare namun daji kuma ta hana fataucinta tsakanin ƙasashe.

Haka zancen ƙaho yake. A Turai ana yin ƙotar wuƙa da maratayin tufafi da ƙahon barewarsu, amma wannan ƙashi ne mai rassa da ke faɗuwa da kansa duk shekara, sai dai a tsinta. Barewarmu da gada ba sa zubar da nasu. In ka ga ƙahonsu a bango, to an kashe su ne.

Abin takaici, kayan aikin da za su maye gurbin waɗannan na nan birjik muna zubarwa. Gashin zabo, mai ɗige-ɗigen fari a kan toka-toka, a juji yake ƙarewa bayan an fige. A wanke shi da ruwan ɗumi da sabulu, a shanya a inuwa, wanda ya murɗe a kara shi a tururi ya miƙe. Baduku ya yanko fata biyu a zagaye, ya jera gashin sahu-sahu daga dogo zuwa gajere, ya manne ya ɗinke. Ga mafici ko adon bango.

Ƙahon sa daga kwata kuwa sai an tafasa shi ƙashin ciki ya fita. A kankare, a goge da samfefa, a shafa mai, sai ya yi sheƙi ya zama mazubin furanni. Kayan gashi dai a ajiye su da kafur, don asu ba ya raga musu.