Shiri na Musamman: Raunin da Bandeji Ba Ya Ɗaurewa

[KIƊAN BUƊE SHIRI]

Yau daga nan Minna za mu leƙa filayen wasa na makarantun sakandare, mu duba wani ciwo da ke kama 'ya'yanmu 'yan wasa, wanda ba ya kumburi, ba ya zubar da jini: ciwon damuwa.

Minna garin ƙwallo ne. Tun da Niger Tornadoes ta doke Rangers ta Inugu ta ɗauko Kofin Ƙalubale a shekarar 2000, yaran da ke murza leda a Bosso, Tunga, Kpakungu da Chanchaga suke mafarkin ranar da za a kira sunansu a filin wasa na Bako Kontagora. Ga kuma Najeriya ta ci kofin duniya na 'yan ƙasa da shekara 17 har sau biyar. To amma ƙofar ƙarama ce, masu son shiga kuwa dubbai ne. Wani gwiwa ce za ta goce masa ana gab da gasa. Wani zai shekara a benci. Wani iyayensa sun sayar da fili sun ba ejan na bogi, shi ke nan ba ejan ba kuɗi. Wani kuma gwajin ƙashin wuyan hannu na tantance shekaru, wanda FIFA ta shigo da shi a 2009, shi zai dawo da shi gida. Duk wannan ga jarrabawar NECO tana jiransa, hukumar da hedkwatarta ke cikin garin nan.

[GAJEREN KIƊA]

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa ɗaya cikin bakwai na masu shekara 10 zuwa 19 yana fama da wata lalurar ƙwaƙwalwa. A jihar Neja akwai ƙarin nauyi: ɗaliban da suka ji yadda aka kwashe 'yan'uwansu a Kwalejin Kimiyya ta Kagara a watan Fabrairun 2021 sun san kwanan zullumi.

Wa zai fara lura? Sau da yawa malamin wasanni ne ko koci, domin shi ke ganin yaro kullum a fili. Shi zai ga mai fara'a ya koma shiru, mai sammako ya daina zuwa atisaye, yaro ya rame, ba ya barci, abu kaɗan sai faɗa. Shi zai ga wanda ya fara haɗiyar tiramadol wai don kada ya ji gajiya. Gwamnati ta hana sarrafa maganin tari mai kodin a 2018, amma ƙwaya ba ta bar bakin filayenmu ba.

Abin takaici, amsar da yaro ke samu ita ce: kai ba namiji ba ne? A gida kuma a ce sammu ne, ko kambun baka, ko iska. Yarinya mai tsere ko ƙwallon hannu ta fi shiga tsaka mai wuya, don da ta buɗe baki za a ce dama wa ya aike ta. Addu'a makami ce, babu mai musu, amma wanda ya karye ana yi masa addu'a ne ana ɗori. A gasar Olamfik ta Tokyo a 2021, Simone Biles ta Amurka, gwanar alkafura ta duniya, ta janye daga wasanni da dama don lafiyar ƙwaƙwalwarta, ta kuma dawo ta ci zinare uku a Faris a 2024. Hutu bai kashe mata sana'a ba.

Saboda haka, malam koci, ja yaron gefe, ba a gaban 'yan'uwansa ba. Saurare shi ba tare da gori ba. Wanda ya ji rauni kada a yar da shi, a riƙa zuwa da shi fili ko da alƙaluman wasa zai riƙe. Idan kuwa ya ambaci mutuwa ko cutar da kansa, kada a bar shi shi kaɗai, a kawar da magunguna da gubar ƙwari, a sanar da iyaye, a kai shi asibiti a ranar. Babban Asibitin Minna na nan kusa, idan ta kama a tura shi asibitin ƙwaƙwalwa na tarayya da ke Barnawa a Kaduna.

Dokar lafiyar ƙwaƙwalwa da Shugaba Buhari ya sa wa hannu, wadda aka bayyana a Janairun 2023, ta maye gurbin tsohuwar dokar 1958, ta kuma haramta nuna wariya ga mai wannan lalura. Saura makarantunmu: kowane shugaban makaranta ya haɗa malamin wasanni da malamin ba da shawara, su san lambar likitan da za su kira tun kafin a buga wasan farko na zango.

A nan za mu dasa aya. Allah ya raya mana zuriya. Mu kwana lafiya.

[KIƊAN RUFE SHIRI]