Iyawa, Gwaninta da Ƙwarewa: Matsalar Fassara Kalmomin Auna Malami daga Ingilishi zuwa Hausa

Gabatarwa

Manufar wannan takarda ita ce a dubi wasu kalmomin Ingilishi waɗanda ake auna iyawar mutum da su, a kuma nuna cewa kalma ɗaya tak da muka saba fassara su da ita, watau "ƙwarewa", an ɗora mata kayan da ya fi ƙarfinta. Abin da ya jawo hankalina ga wannan batu shi ne zagayen duba ɗalibanmu masu koyarwar gwaji a makarantun firamare na ƙasar Gwarzo da ta Kabo. Takardar da muke auna ɗalibi da ita da Ingilishi aka rubuta ta, amma bayanin da muke yi wa shugaban makaranta da shi ɗalibin kusan kullum da Hausa ne. A wata makaranta da ke kan hanyar Getso na rubuta wa wani ɗalibi kalmar competent, shugaban makarantar ya fassara masa da cewa, "Malam ya ce ka ƙware." Ban faɗi haka ba. Abin da na nufa shi ne yaron ya isa a bar masa aji ba tare da fargaba ba, kuma tsakanin wannan da ƙwarewa akwai tafiyar shekaru.

Kalmomin Ingilishi

Kalmar ability ita ce mafi faɗi, domin tana nufin mutum yana da ikon aikata abu, ko da koyo ya samu ko da halitta. Kalmar skill kuwa sai an koya an kuma maimaita, galibi a aiki ɗaya takamaimai, kamar rubutu a allo ko ɗinki. Talent baiwa ce, ba a koyar da ita. Proficiency tana nuna hannu ya faɗa, aiki yana tafiya ba gargada, shi ya sa aka fi jin ta a wajen harshe. Expertise ita ce ƙololuwa, watau sani mai zurfi wanda sauran masu sana'ar ke komawa gare shi idan abu ya cije.

Wadda ta fi ba mu wahala ita ce competence. A kunnen mai Ingilishi wannan kalma yabo ne mai iyaka: mutum ya cika sharaɗin aiki, bai gaza ba, amma ba a ce ya yi fice ba. Alal misali, a shekarar 2017 gwamnatin Jihar Kaduna ta yi wa malaman firamare kimanin 33,000 jarrabawa da tambayoyin aji huɗu, aka ba da sanarwar cewa 21,780 ba su ci ba. Sunan jarrabawar da Ingilishi daga wannan kalma aka samo shi. Duk wanda ya kira ta "gwajin ƙwarewa" ya sauya ma'ana, domin ba a gane ƙwararre da tambayar ɗan aji huɗu; abin da aka nema shi ne mafi ƙarancin abin da ya kamata malami ya sani. "Gwajin cancanta" ya fi kusa. Daɗin daɗawa, masana harshe sun ƙara wa kalmar wata ma'ana tun da Noam Chomsky ya yi amfani da ita a 1965 don sanin harshe da ke cikin kan mai magana, wanda ya bambanta da abin da yake furtawa. Ɗalibin da ya haɗu da ita a darasin nahawu ya kuma haɗu da ita a darasin dabarun koyarwa, abu biyu ya haɗu da su masu suna ɗaya.

Abin da Hausa ta tanada

Kada a zaci talaucin harshe ne ya jawo wannan cunkoso. Wanda ya buɗe ƙamusun Bargery na 1934, ko na Abraham na 1949, ko Ƙamusun Hausa na Jami'ar Bayero na 2006, zai tarar da kalmomi sun fi abin da mai fassara yake bukata. "Iyawa" ita ce tushe, kuma Bahaushe yana auna ta da sakamako, shi ya sa ya ce iya ruwa fidda kai. "Gogewa" tana zuwa da daɗewa a kan aiki. Gogaggen direba a hanyar Kano zuwa Gwarzo ya san kowane rami da kowace kwana, ko da bai taɓa buɗe injin mota ba. "Naƙalta" da "laƙanta" suna nufin sanin abu ciki da bai. Sai kuma kalmomin da muka aro daga Larabci: "basira", "hazaƙa", "hikima" da "fasaha". Ita "fasaha" asalinta iya magana ne, daga baya aka miƙa ta ga aikin hannu, har ta zama abokiyar "kimiyya" a sunayen makarantu.

"Gwani" ta cancanci a daɗe a kanta. A makarantar allo, wadda har yanzu take da ƙarfi a garuruwa irin su Garo da Kutama, wannan kalma muƙami ce mai sharuɗɗa. Almajiri yakan tashi daga kolo zuwa titibiri zuwa gardi. Idan ya haddace Alƙur'ani ya kuma rubuta shi da ka, sai a kira shi alaramma. Gwani yana gaba da alaramma, domin shi ya san wuraren da ayoyi suka yi kama da juna da yawan zuwan kalma, kuma 'yan uwansa mahaddata ne suke tabbatar masa da sunan, ba shi yake ba kansa ba. Gangaran yana gaba da gwani. Wannan tsani ne cikakke na auna sani, wanda ya girmi takardar shaidar koyarwa ta Turawa nesa ba kusa ba, kuma abin mamaki ne yadda muke tsallake shi mu tafi neman kalma a wani wuri. A ganina, idan ana neman kwatankwacin expert, "gwani" irin na tsangaya ya fi kowace kalma dacewa, saboda sharaɗin nan na shaidar abokan sana'a.

Sai dai a yi hattara, domin a bakin jama'a kalmar ta yi laushi. Ana cewa gwanin surutu, ana cewa abu gwanin ban sha'awa, har "gwaninta" takan zama zargi, kamar a ce yaro ya fasa tulu garin gwaninta. Haka "iya yi" ba yabo ba ne ko kaɗan. Ita ma "ƙware" a rubuce kamanninta ɗaya da ƙwarewar da ruwa kan yi wa mai gaggawar sha, abin da ɗalibaina ba sa gajiya da yin raha a kansa.

Inda abin ya fi yin illa

Kuskuren da ya fi kowanne tsada shi ne fassara qualified teacher da "ƙwararren malami". Tun da aka mai da takardar NCE mafi ƙarancin shaidar koyarwa a Nijeriya, aka kuma kafa hukumar rajistar malamai ta ƙasa a 1993, ma'anar kalmar a hukumance ita ce mai takarda da rajista. To, idan aka gaya wa iyayen yara a taronsu cewa an turo musu ƙwararrun malamai biyar, alhali sababbin gama kwaleji ne, an yi musu alkawarin da ba a nufa ba, kuma idan yara suka kasa karatu a ƙarshen shekara, sunan kwalejin da ta yaye malaman ne zai ɓaci. A ɗaya ɓangaren kuma, dattijon malami mai tsohuwar takardar daraja ta biyu, wanda ya shekara talatin yana koya wa 'yan aji ɗaya baƙi da wasali, sai fassarar ta fitar da shi daga sahun ƙwararru, alhali a Hausa shi ne ya fi kowa cancantar sunan.

Shawarar da nake gabatarwa ga wannan taro ita ce, a takardun auna ɗalibai a riƙa cewa "mai shaidar koyarwa" ga wanda yake da takarda, "ya cancanta" ga wanda ya cika sharaɗi, "hannunsa ya faɗa" ga wanda aikin ya fara zama masa jiki, a ajiye "ƙwararre" da "gwani" ga waɗanda abokan aikinsu za su yi musu shaida. Na gwada wannan a zagayen da ya biyo baya, na ce wa wata ɗaliba a Kabo ta cancanta amma da sauranta. Abin da ta fara tambayata shi ne, "Malam, me ya rage?"