Daga Mai Tuwo Zuwa Uwar Adashi: Matan Da Ke Tallafe Da Kasuwannin Iyaka

Duk lokacin da aka tashi maganar cinikin da ke tsakanin Nijar da Najeriya, waɗanda ake ambata su ne manyan alhazai masu sito da tireloli, da dillalan shanu, da ƴan canji, da ma'aikatan duwan. Iyakar nan ta kai kimanin kilomita 1,500, kuma da wuya rana ta fito ta faɗi ba a ci wata kasuwa a gefenta ba: Lahadi a Jibiya da Illela, Litinin da Juma'a a Maradi, Laraba a Birnin Konni, Alhamis a Maigatari. To amma duk falken da ya taɓa kwana a ɗaya daga cikinsu ya san akwai waɗansu mutane da in babu su kasuwar ba za ta kai la'asar ba, kuma akasarinsu mata ne.

Mu fara da mai tuwo ta bakin tasha. Tun kafin kiran asalatu ta hura wuta, ta ɗora ruwan zafi, domin direban da ya kwana a hanya ya samu na alwala da na shayi. Sana'a take yi, babu musu, kuma riba take nema kamar kowa. Sai dai akwai abubuwa da yawa da take yi waɗanda ba sa cikin kuɗin kwano. Ita ce ke lura yaron mota ya zauna can gefe bai ce a zuba masa ba, ta gane aljihunsa ne ya bushe, ta zuba ta aika masa ba tare da ta ɗaga murya abokansa sun ji ba. Ita ce ke ganin ɗan dako ya bar rabin abincinsa, ta ce, “Ɗana, lafiya kuwa?” In ya ce, “Inna, zazzaɓi ne,” kafin ya ankara an dama masa kunun tsamiya, an kuma matsa masa ya tafi likita. Ƙanzon tukunya kuwa tuni yana da masu shi, almajiran da ta san su ɗaya bayan ɗaya.

Rumfarta kuma ma'ajiya ce. Wanda ya sayi buhun albasa bai samu mota ba, nan zai jingine shi har wani mako. Kafin wayar salula ta bazu a farkon shekarun 2000, nan ake barin saƙo: in wane ya zo daga Madarumfa a ce masa kayansa sun iso, in wance ta tambaya a ce mijinta ya wuce Katsina. Ba ta da littafi, amma ba ta cakuɗa saƙon wani da na wani.

Mu da ke aiki a gidajen radiyon karkara muna ganin wani gefen na wannan hali ta wajen cigiya. Ranar kasuwa, in yaro ya ɓace wa uwarsa cikin cunkoso, yawanci mace ce ke riƙo hannunsa ta kawo mana, ko mai fura da nono, ko mai ƙosai, bayan ta share masa hawaye ta ba shi abin da take sayarwa. Sau da yawa takan bar ƙwaryarta a hannun maƙwabciya, ta zauna har a zo a karɓe shi. Cinikin da ya wuce ta a wannan zama babu mai biyan ta, ita ma ba ta tambaya.

Lokacin da hanya ta toshe

An fi gane amfanin matan nan in al'amura sun cije. A watan Agustan 2019 gwamnatin Najeriya ta rufe iyakokinta na tudu, ba a fara buɗewa ba sai Disamban 2020, inda Illela da Maigatari suka kasance cikin mashigai huɗu na farko. A farkon 2023 aka shiga ƙarancin takardun naira sakamakon sauya na 200 da 500 da 1,000, mutum na da kuɗi a banki amma ba shi da na kalaci. Bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023 a Yamai, ƙungiyar CEDEAO ta sa takunkumi, aka sake garƙame iyaka har zuwa watan Maris na 2024. A kowane karo motoci sun yi jerin gwano, direbobi da yaransu sun yi makonni a wuri guda, guzuri ya ƙare.

Wa ya ciyar da su? Masu kayan suna can birni suna buga waya. Wadda ke kusa ita ce mai tuwo, kuma bashi ta bayar, alhali ita ma hatsi ya yi mata tsada, masu saye hannu da hannu sun ragu. An yi ta lissafin asarar manyan ƴan kasuwa a kafafen labarai, albasa nawa ta ruɓe, tirela nawa ta tsaya. Asarar mai tukunya ɗaya ba ta shiga wannan lissafi ba.

A gida ma haka abin yake. Ɗan kasuwa da yawa in ya faɗi gaskiya zai ce ranar da jarinsa ya karye, matarsa ce ta tashe shi. Wata ta sayar da jar akuyarta, irin ta Maradi mai yawan haihuwa, wata ta fitar da ɗan kunnen zinariyar da aka yi mata na aure, wata kuma ta kwance bakin zane ta miƙo ribar ƙuli-ƙuli da man gyaɗa da ta daɗe tana tarawa. Tsofaffi cikin masu karatu za su tuna watan Janairun 1994, lokacin da aka karya darajar sefa da rabi cikin dare guda. Gidaje da dama abin da ke cikin ɗakin mata ne ya riƙe su har maigida ya sake tsayawa da ƙafafunsa. Kuma ɗabi'ar matanmu ce su rufa wannan asiri: a waje sai a ce Alhaji ya farfaɗo, ba a ce da kuɗin wa.

Adashi da asusu

Wannan kuɗi ba daga sama yake faɗowa ba. Tushensa adashi ne, kuma adashi yana tsayawa ne a kan amanar mace ɗaya, wato uwar adashi. Ita ke bin zubi rumfa rumfa, ita ke cikawa daga aljihunta in wata ta gaza, ita ke lallashin mai kwasar wannan mako ta yi haƙuri a ba wadda ɗanta ke kwance.

A kan wannan tsohuwar al'ada ce aka gina tsarin Mata Masu Dubara, wanda ƙungiyar CARE ta soma a jihar Maradi a 1991. Mata ashirin zuwa talatin kan haɗu duk mako, kowace ta zuba abin da aka yi yarjejeniya, a ajiye a akwatin ƙarfe wanda makullansa ke hannun mata daban daban, don kada mutum ɗaya ya buɗe shi a ɓoye. Daga ciki ake ba mai bukata rance, in shekara ta zagayo a raba abin da ya taru. Akan kuma ware ɗan wani abu domin rashin lafiya ko rasuwa. Tsarin ya fita daga ƙauyukan Maradi ya bazu ƙasashen Afirka da dama har da wajenta. Abin lura a nan shi ne babu wani banki da ya kawo jarin farko, dala-dalar matan ce da kansu.

Inda gizo ke saƙa

Akwai maganar da ba ta da daɗi amma dole mu faɗe ta, tunda mu da ku duka muna cin tuwon nan. Bashin mai tuwo shi ne wanda aka fi saurin mantawa da shi. Ɗan kasuwa ba ya wasa da bashin dillali ko na ɗan canji, domin ya san gobe za a hana shi kaya, sunansa kuma ya ɓaci a kasuwa. Ita kuwa Inna, tunda ba za ta kai ƙara wurin sarkin kasuwa ba, kunya ma ba za ta bar ta ta tare mutum a gaban jama'a ba, sai a yi ta cewa sai mako mai zuwa.

Mu ɗauki misali. In mutum goma kowanne ya tafi da jika guda, jika goma ke nan, wato sefa 10,000. Ga mai tirela wannan bai kai kuɗin man da zai kai shi Konni daga Maradi ba. Ga mai tukunya ɗaya kuwa, kuɗin hatsi da itace da kayan miya ne na kasuwa mai zuwa. In ba su dawo ba, ko dai ta ɗauko gero bashi da tsada wurin mai awo, ko ta kasa zubin adashi a wannan mako, uwar adashi ta cika mata, nauyin ya koma kan wata macen. Ga kuma matsalar canji: wadda ta ba da abinci a kan naira a shekarar 2022, aka zo biyan ta bayan faɗuwar naira ta 2023 da 2024 da adadin nan na da, in ta juya shi zuwa sefa sai ta tarar abin da ya rage bai kai na tiyoyin da ta tuƙa ba.

Akwai direbobin da suka san wannan. In sun dawo sukan biya da ƙari, wani ya sauke mata ɗaurin itace daga hanya, wani ya ɗauko mata buhun masara kyauta daga inda ta fi araha, wani in Salla ta matso ya ajiye mata turmin atamfa. Su ne waɗanda ko da tsakar dare suka iso tasha, sai sun tarar an rufe musu kwano an ajiye a gefen murhu.