Tsakanin Birmingham da Kano: Nisan Tafiya a Jirgin Sama

Aston unguwa ce a birnin Birmingham na ƙasar Ingila. Idan mazaunin wannan unguwa ya yi niyyar zuwa Kano, tambayar farko da zai yi ita ce: kilomita nawa ne tsakaninsu? Amsar ta danganta da yadda aka auna, da kuma hanyar da aka bi.

Da yake duniya a mulmule take, masana ba sa dogara da shimfiɗaɗɗiyar taswira. Ana iya ɗaukar ƙwallon taswirar duniya, a miƙe zare daga wannan gari zuwa wancan. Inda zaren ya bi, nan ce hanya mafi kusa. Filin jirgin saman Birmingham yana wajen digiri 52 arewa da layin da ya raba duniya biyu, shi kuwa na Malam Aminu Kano yana digiri 12. Kowane digiri kimanin kilomita 111 ne. Idan aka haɗa da ɗan karkatar da Kano ta yi gabas, nisan zai kai kimanin kilomita 4,600. Daga filin Manchester kuwa, wanda ya fi nausawa arewa, kimanin 4,700 ne. Wannan layi ya ratsa Faransa, ya ƙetare Bahar Rum, sannan ya keta Sahara ta Aljeriya da Nijar. Jirgin da ke cin kilomita 850 a awa zai gama shi cikin awa biyar da rabi.

Sai dai kuma babu jirgin fasinja da ke tashi daga Birmingham ya dire Kano kai tsaye. Dole matafiyi ya ya da zango ya canza jirgi. A shekarar 2022 kamfanin Qatar Airways ya fara zuwa Kano. Wanda ya bi ta Doha zai ci kimanin kilomita 5,350 kafin zangon, da wasu 4,750 bayansa. Jimla ta haura 10,000, wato fiye da ninkin hanyar farko, ban da zaman jira.

Siyasa ma takan ƙara nisa. A watan Agusta na 2023, bayan juyin mulki, Nijar ta rufe sararin samaniyarta, sai jiragen da ke tsakanin Turai da Nijeriya suka riƙa yin zagaye.

Ya da zango ba baƙon abu ba ne ga Kano. Jiragen farko da suka sauka can a 1925 daga Masar suka taso, suka yi kwanaki a hanya. Daga baya kuma jiragen Turai masu zuwa kudancin Afirka sun riƙa tsayawa Kano shan mai.

Saboda haka, kafin mutum ya sayi tikiti, sai ya duba yawan zango da awoyin jira, kada arha ta ruɗe shi. Idan kuma zagayen ya zama dole, Hausawa sun ce hanyar lafiya a bi ta da shekara.