Baka da kibiya: daga fagen fama zuwa teburin wasa, har kan hanyar kasuwa

Duk ɗan kasuwar da ya saba bin hanyoyin arewacin Kamaru ya san mutumin nan mai baka a kafaɗa da kwari a baya. Ana ganinsa bayan garken shanu, ana kuma ganinsa cikin 'yan sintiri a bakin shingen shiga ƙauye. Wasu na yi masa kallon kayan tarihi, wasu kuwa sun sakankance cewa idan yana tare da ayari to an gama da tsoro. Dukkan ɓangarorin biyu da sauran gyara a maganarsu, kuma wani wasan Turawa da ake yi a kan tebur zai taimaka wajen gane dalili.

Wasan shi ne Dungeons & Dragons, wanda Gary Gygax da Dave Arneson suka fitar a Amurka a 1974. Mutane ne ke zagaye tebur, ɗaya yana ba da labari, sauran kowa ya ɗauki jarumi guda yana magana a madadinsa. Idan faɗa ya kaure a cikin labarin, sai a jefa wani irin ɗan ludo mai fuska 20 don a ga ko harbi ya samu ko ya kuskure. An kasa faɗan zagaye-zagaye, kowane zagaye daidai yake da daƙiƙa shida, kuma an ƙayyade abin da jarumi zai iya yi a cikinsa.

A dokokin da aka buga a 2003, maharbi na iya ƙwarewa a dabaru biyu. Ta farko saurin harbi: yana samun ƙarin kibiya ɗaya, amma ana rage masa maki 2 a kowane saiti, kuma dabarar na cinye zagayen gaba ɗaya, ba zai iya matsawa ba sai taku guda. Ta biyu ɗana kibiya biyu a tsirkiya ɗaya: wannan ta bar masa damar sauya wuri, amma ana rage masa maki 4, kuma ba ta aiki sai abokin gaba bai wuce nisan ƙafa 30 ba. Masu wasan sun daɗe suna tambaya ko za a iya haɗa su lokaci guda. Amsar dokar ita ce a'a, domin kowacce da irin lokacin da take ci. Bahaushe ya riga su faɗa: taura biyu ba ta taunuwa.

Abin da Turawan suka rubuta a takarda, kakanninmu da jini suka koye shi. Maharbi yana son sauri, yana son saiti, yana kuma son tsira da ransa, amma ba ya samun ukun a numfashi ɗaya. Hannuwansa biyu na kan baka, don haka ba ya iya riƙe garkuwa. Shi ya sa rundunonin ƙasar Hausa suke da Sarkin Baka mai kula da 'yan baka, kuma ba a sakin su su kaɗai a fili, sai an haɗa su da masu garkuwa da mashi, da barade a kan dawaki. Dafin da ake haɗawa da kwankwani shi ke cike giɓin, domin ko ƙwarzane kibiya ta yi, ta yi aiki. Su kuma mahaya suka mayar da martani da lifidi da sulke.

A watan Yuni na 1804, a Tabkin Kwatto, jama'ar Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ƙarƙashin ƙanensa Abdullahi sun kara da rundunar Sarkin Gobir Yunfa. Dawakin jama'ar Shehu kimanin 20 ne kawai, amma 'yan bakansu suka tsaya wuri ɗaya suka karya mahayan Gobir. A nan kusa da mu ma, a 1823, Baturen Ingila Dixon Denham ya bi wata runduna ta Barno da Mandara da Larabawa masu bindiga suka kai wa Fulani hari a wani gari da ya rubuta sunansa Musfeia. Fulanin suka fake bayan shinge suna ruwan kibau, rundunar ta watse, shugaban Larabawan Bu Khalum ya mutu da dafin kibiya, shi kansa Denham da kyar ya sha.

Sai dai komai na da iyaka. A Janairun 1902, kusa da Marwa, sojojin Jamus ƙarƙashin Hans Dominik sun haɗu da mayaƙan Lamidon Adamawa Zubairu, wanda Ingilishi suka kora daga Yola a 1901. Bindiga mai ruwan harsashi ta hana mahaya da 'yan baka isa inda makamansu za su yi tasiri, aka yi asarar rayuka masu yawa. Jarumta ba ta gaza ba a ranar. Nisa ne ya yanke hukunci.

Me ya haɗa wannan da ɗan kasuwar Yagwa ko Garwa? Idan ba a manta ba, tun shekarun 1990 'yan fashin kan hanya da ake kira zargina suka addabi fatake da makiyaya a wannan yanki, har suka koma satar 'ya'yan Mbororo don neman kuɗin fansa. Wannan ne ya sa gwamnati ta kafa rundunar BIR a 2001. Daga 2014 kuma, da rikicin Boko Haram ya tsananta a wajejen Kolofata da Mora, kwamitocin 'yan sintiri suka bazu, da yawansu ba su da komai sai baka da adda da sanda. Sun tare masu ƙunar baƙin wake, kuma da dama daga cikinsu sun rasa rayukansu a wannan aiki.

Gaskiyar magana, ƙarfin waɗannan bayin Allah ba a kibiya yake ba. Yana cikin sanin daji, da gane sawun baƙo, da saurin kai labari ga jami'an tsaro. Mai baka da ke maƙale a bayan babur yana gudu ba zai yi saitin kirki ba, ballantana ya fuskanci mai kalashinkof a fili. Wanda ya ɗora masa wannan nauyi ya zalunce shi, ya kuma yaudari kansa.

Yanzu da aka buɗe gadar da ta haɗa Yagwa da Bongor a kan kogin Logon a 2025, kaya da kuɗi za su ƙara yawo tsakanin Kamaru da Cadi, kuma idon ɓarawo ba ya barin inda kuɗi ke bi. Ya kamata ƙungiyoyin 'yan kasuwa su ɗauki darasin Sarkin Baka: kowa a ba shi aikin da zai iya. A tafi cikin ayari da rana, a rage ɗaukar tsabar kuɗi tunda ana iya aikawa ta waya, kada a riƙa tallar ranar tafiya a rumfa. 'Yan sintirin ƙauyukan da ake ratsawa kuwa, abin da ya fi yi musu amfani shi ne tocila da takalmi da katin waya da lambar jandarma mai shiga, sannan a tuna da iyalan waɗanda suka rasu.

Allah ya tsare matafiya, ya ba ƙasa lafiya, ya sa albarka a kasuwa.