Ribar Mai Taka Ƙarshe: Daga Gurbin Dara Zuwa Teburin Poka

A Masama, kamar sauran garuruwan ƙasar Gwandu da Kalgo a Jihar Kebbi, ba a rasa dattawa biyu da suka tona gurabe 30 a ƙasa domin wasan dara, wannan da tsinkaye 12, wancan da tsakuwa 12, 'yan kallo sun yi musu zobe. Idan an gama zubi, gurabe 6 ne kacal ke saura. Wanda ya fara zubi shi zai fara tafiya, amma na biyu ne ke ajiye ɗan ƙarshe, bayan ya ga duk shirin abokin karawarsa, sai ya toshe masa hanya.

Wannan riba ta taka ƙarshe ita ce ginshiƙin poka, wasan kartar da ya bunƙasa a Amurka, inda ake gasarsa ta duniya a Las Vegas tun 1970. A salon Teksas, ana ba kowa kati 2 a ɓoye, sannan a buɗe 5 a tsakiya: uku tare, sai ɗaya, sai ɗaya. Zagayen zuba kuɗi 4 ne. Idan mutum biyu ne kaɗai, mai rabon kati shi ke fara magana a zagayen farko, amma a sauran ukun shi ke rufewa.

A dara komai a fili yake. A poka hannun abokin karawa a rufe yake, saboda haka duk motsin da ya yi labari ne. Ya zuba da yawa? Ya ce ya wuce? Mai taka ƙarshe ya ji kafin ya yanke shawara. Lissafi ya nuna cewa mai kati biyu mabambanta, kusan sau biyu cikin uku ba ya samun abokin katinsa a ukun farko. Don haka idan na farko ya wuce, gwani yakan zuba kaɗan, ko da burga ce, ya kwashe abin da ke tsakiya. In hannunsa tsaka-tsaki ne, sai shi ma ya wuce, ya ga kati na gaba kyauta. In mai ƙarfi ne, shi ke da ikon ƙara farashi.

Sai dai na farko ma yana da tarko: ya yi lamɓo da hannu mai ƙarfi, ya bari a zuba, sannan ya ninka.

Masana sun gwada maganar da kwamfuta. A Janairun 2015, tawagar Michael Bowling ta Jami'ar Alberta a Kanada ta wallafa a mujallar Science cewa manhajarsu Cepheus ta kusa warware wasan mutum biyu mai ƙayyadadden zubi, ta kuma tabbatar mai rabo ne ke da rinjaye. A 2017 manhajar Libratus ta Jami'ar Carnegie Mellon ta doke ƙwararru 4 a Pittsburgh bayan rabo 120,000.

Caca haramun ce, kuma Kebbi na cikin jihohin da suka ƙaddamar da shari'ar Musulunci a 2000. Lissafin da ke ƙarƙashin wasan kuwa ilimi ne mai zaman kansa, wanda ya cancanci ɗalibanmu su nema. Daga nazarin poka masanin lissafi John von Neumann ya samo wani ɓangare na littafin da suka rubuta da Oskar Morgenstern a 1944, kuma har yau ana koyar da wannan fanni a sassan tattalin arziki na jami'o'i.